Waken Songotra-T: ina ainihin haɗarin yake?

Tun watan Yulin 2024, lokacin da cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale ta ƙaddamar da sabon irin wake mai suna Songotra-T, maganar GMO ta tashi daga ɗakunan taron masana a Accra ta shigo zango. Wannan wake shi ne amfanin gona na farko da aka sauya wa ƙwayoyin halitta wanda Ghana ta yarda manoma su shuka. Kuma ba ƙaramin abu aka taɓa ba. Wake ne ƙosanmu na safe, shi ne tubani, shi ne waakye, wanda sunansa ma daga Hausa ya fito. Mata nawa ne a Nima da Aboabo da Sabon Zango suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da kaskon ƙosai? Idan aka ce an taɓa halittar wake, dole mutum ya tambaya.

Abin da ke yawo a WhatsApp kuwa kun ji shi: wai yana hana haihuwa, wai yana kawo kansa, wai da jinin alade aka haɗa shi. Ni ba na cikin masu yi wa mutanenmu dariya a kan wannan tsoro. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, aka kuma yi shekaru ana shari'a, ba zai ga laifin uwar da ke zargin duk abin da aka ce mata "masana sun tabbatar" ba. Amma zargi daban, hujja daban. Ra'ayina shi ne mun kai tsoronmu inda babu alamar haɗari, mun bar inda haɗarin yake a fili.

To me aka yi wa waken? Akwai wata tsutsa da ake kira Maruca, mai cin furen wake da 'ya'yansa tun suna cikin kwanso. A shekarar da ta yi yawa tana iya lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Manomi ba shi da mafita sai feshi, sau shida, sau takwas a damina ɗaya, galibi ba takunkumi ba safar hannu. Sai masu bincike suka ɗauko ƙwayar gado guda ɗaya daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, suka sa a cikin waken. Ita ce ke sa shukar ta ƙera wani furotin mai kashe wannan tsutsa. Hukumar NBA mai kula da irin waɗannan al'amura a Ghana ta amince da shi a watan Yunin 2022. Najeriya ta riga mu, tun 2019 ta saki nata mai suna SAMPEA 20-T daga cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Tambayar da kowa ke yi tana da ma'ana: abin da ya kashe tsutsa ba zai taɓa ni ba? Amsar tana cikin bambancin cikin tsutsa da cikin mutum. Furotin ɗin ba ya aiki sai ya narke a hanjin da ba shi da tsami, sannan ya sami wasu wuraren maƙalewa na musamman a bangon hanjin, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Tsutsar tana da su. Mutum da akuya da kaza ba su da su, kuma cikin mutum tsami gare shi, yana narkar da wannan furotin kamar yadda yake narkar da na ƙwai ko nama. Bt ɗin ma ba baƙo ba ne a gona. Shekaru da dama ke nan ana fesa shi a kan kayan lambu, har a gonakin Turai da ke alfahari da cewa ba sa amfani da sinadarai.

Ba bayanin aji kaɗai ba ne. A 2016 majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike kusan 900 na tsawon shekara 20. Har ta kwatanta yawan kansa da ciwon koda da makamantansu tsakanin Amurka da Kanada, inda ake cin GMO tun wajen 1996, da Ingila da yammacin Turai, inda kusan ba a ci. Ba ta ga bambancin da za a jingina wa GMO ba. Idan wani ya ce ai Amurka ce ke sayar da abin, to ga Hukumar Lafiya ta Duniya, ita ma matsayinta shi ne waɗanda ke kasuwa yanzu sun tsallake gwaji, kuma ba a ga sun cutar da jama'ar ƙasashen da suka amince da su ba. Ga Afirka ta Kudu nan kusa, fiye da shekara 20 ke nan farar masarar GMO ce tuwon miliyoyin mutane.

Hotunan ɓerayen nan masu ƙulluttukan ƙari da ake ta turawa, daga binciken wani Bafaranshe ne mai suna Séralini a 2012. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013, domin ɓerayen sun yi kaɗan, kuma irinsu dama suna yawan yin ƙari idan sun tsufa, ko me suka ci. Daga baya wata mujallar ta sake bugawa, amma wannan bai gyara matsalar ba.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka kira GMO lafiyayye ne. Kalmar sunan hanya ce kawai, kamar a ce "dafaffe". A shekarun 1990 wani kamfani ya sa ƙwayar gadon wata gyaɗar Brazil a cikin waken soya, gwaji ya nuna tana tayar wa wasu mutane da borin jini, aka dakatar da shi bai taɓa shiga kasuwa ba. Kowane iri sai an auna shi shi kaɗai, kuma wanda ya ce maka dukkansu guba ne da wanda ya ce dukkansu alheri ne, duk sun sauƙaƙa wa kansu magana.

Batun halal bai da tsawo. Ƙwayar gadon da ke cikin Songotra-T daga bakteriyar ƙasa take, babu alade a maganar. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tattauna wannan ilimi tun 1998, ta halatta amfani da shi a noma da kiwo bisa sharaɗin a kiyaye cutarwa. Ke nan hukuncin ya koma kan cutarwa, ita kuwa da bincike ake gane ta.

Yanzu mu zo cikin buhu. Duk wadda ta taɓa ajiye wake ta san wata biyu ya isa ƙwari su mayar da shi rariya. Me wasu 'yan kasuwa ke yi? Suna zuba masa maganin ƙwari kai-tsaye, irin su Sniper da ota-fiya-fiya masu ɗauke da sinadarin dichlorvos, ko su tura ƙwayar fosfin cikin buhu ba lissafi, su fito da shi kasuwa kafin gubar ta fita. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadarin. Iyakar da ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an sami buhunan da suka kai 4.6. Ku lissafa, ninki 460 ke nan. Turai tana da ɗakin gwaji a bakin tasharta, ta mayar da kayan. Mu fa? Waken da ke shigo mana ta iyakokin arewa da gabas, ya bi ta Tamale da Techiman ya iso kwanon mai ƙosai, wa ke auna shi buhu-buhu? Wannan guba ce da likitoci suka san alamominta: amai, zawo, jiri, dalalar miyau, a wasu lokutan har rai. Ga ta a gabanmu, amma ban ga ana tura saƙon murya a kanta kamar yadda ake yi a kan GMO ba.

A nan sai a yi wa masu tallan sabon irin gyara su ma. Songotra-T ba ya maganin ƙwarin ajiya ko kaɗan. Tsutsar gona kaɗai yake kashewa, kuma ko a gonar sai an yi feshi kamar sau biyu saboda sauran ƙwari. Ribar lafiyarsa ta gaskiya ita ce manomi da yaransa sun rage shaƙar magani. Maganin ajiya kuwa tuni yana nan: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, saƙaƙƙe a waje, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu ba ɗigon sinadari. Da rabin kuɗin tarukan da ake yi a kan GMO aka sa wajen rage farashin wannan buhu, da cikinmu ya fi samun lafiya. Haka hunhunar da ke kama masara da gyaɗar da ba su bushe ba, mai fitar da gubar aflatoxin da aka tabbatar tana jawo kansar hanta. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125. Tana iya shiga kokonmu da ƙulinmu, ba ruwanta da GMO.

Masu adawa, irin su ƙungiyar Food Sovereignty Ghana wadda ta kai ƙara kotu tun 2015 aka kori ƙarar a 2024, suna da gaskiya a wurare da dama, sai dai gaskiyar tasu ta aljihu ce da ta iko. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta karɓi audugar Bt ta kamfanin Monsanto a 2008, har ta mamaye fiye da rabin gonakin audugar ƙasar. Ba wanda ta sa wa ciwo. Amma silin audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin auduga suka nemi diyyar fiye da sefa biliyan 48, a 2016 ƙasar ta watsar da ita. An auna tsutsa, ba a auna zare da kyau ba. Sannan ƙwari suna sabawa. A Afirka ta Kudu, tsutsar karan masara ta fara jure wa masarar Bt tun wajen 2007. Idan ba a koya wa manomanmu barin wani sashe na wake na gargajiya kusa da sabon ba, domin tsutsar da ba ta saba ba ta ci gaba da haihuwa, nan da wasu shekaru za mu koma feshi takwas.

Game da mallakar iri, wannan waken ya zo da sauƙi. Gidauniyar AATF ta Nairobi ce ta karɓo ƙwayar gadon daga Monsanto ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba, kuma wake shuka ce mai barbarar kanta, don haka manomi na iya ajiye iri ya sake shukawa. Ba lallai abin da zai biyo baya ya zo haka ba. A 2024 NBA ta yi rajistar nau'o'in masara da waken soya na GMO guda 14 na manyan kamfanonin waje, domin abinci da abincin dabbobi da sarrafawa, ba don shuka ba. Yawancin jama'a a jarida suka tsinci labarin bayan an gama. Hukumar da ke son a yarda da ita ba haka take yi ba. Wa ya zo masallacin Juma'a ko gidan rediyo ya yi bayani da Hausa ko Dagbani ko Twi?

Sai haƙƙin sani. Ko da abu lafiyayye ne, mai saye yana da damar sanin abin da yake saye, mu da muke duba tambarin halal a jikin gwangwani mun fi kowa fahimtar wannan. Matsalar ita ce wakenmu ba a gwangwani yake ba. A daro ake zuba shi a auna da olonka, na Bawku ya gauraya da na Nijar, duk rubutun da ke jikin buhu a sito yake ƙarewa. Idan hukumar abinci da magunguna ta FDA da shugabannin kasuwa za su yi abin da zai amfane mu, daga wajen dillalai za a fara: kowane buhu ya nuna irin waken, inda aka noma shi, da maganin da aka sa masa da ranar da aka sa. Sannan a riƙa ɗibar samfuri a manyan kasuwanni ana gwadawa, a buga sakamakon kowa ya gani, na Songotra-T da na gargajiya duka.