Kitse cikin jijiyar jini: a daina ɗora wa iskoki laifi

Duk manomin rani na Jiratawa ya san abin da laka take yi wa bututun ban-ruwa. Tana taruwa kaɗan-kaɗan, hanya ta ƙuntace, wata rana ruwa ya tsaya cik, albasa ta bushe. Haka kitse yake yi wa jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya. Wani maiƙo da ake kira kolesterol yana shiga bangon jijiya, ya taru shekara da shekaru, mutum bai ji ciwon komi ba. Ranar da wurin ya tsage, jini ya daskare a kansa, sai hanya ta toshe. In jijiyar zuciya ce, sai ciwon ƙirji mai tsanani, wani lokaci mutuwar farat ɗaya. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai baki ya karkace, magana ta sarƙe, ɓarin jiki ya shanye.

Wani ɗalibinmu na yaƙi da jahilci, dillalin shanu, ya faɗi haka a kasuwa. Iyalinsa suka ce iska ce ta buge shi, aka kwana 3 ana hayaƙi kafin a kai shi likita. Yanzu hannun da ya koyi rubutu da shi ba ya riƙe alkalami. Wannan cuta a cikin sa'o'in farko ake ceton mai ita, kuma addu'a ba ta hana a nemi mota.

A ganina, kuskurenmu babba shi ne ɗaukar teɓa alamar arziki. Mai gida da ya samu kuɗi sai ya bar wake da zogale, ya koma ga kitsen rago da man shanu, ya bar tafiyar ƙasa, ko masallaci sai da babur. Amma siriri ma kada ya saki jiki: taba, ciwon sukari, gado da hawan jini, wato tansiyo, duk suna ɓata bangon jijiya.

Uwayen gida, tukunya tana hannunku. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali guda. Dunƙulen magi da kanwa ma suna cikin lissafin.

Wanda ya wuce shekara 40, ya je likita a auna masa tansiyo ko yana jin garau. In ana samun 14 bisa 9 ko fiye, ya karɓi magani, kada kuma ya ajiye shi don ya ji sauƙi.