Yawon Buɗe Ido Ko Yawon Rufe Baki?

Jama'a, 'yan'uwana talakawa da 'yan kasuwa, akwai wata sana'a a Ikko wadda ya kamata ku sani, domin da tarihinku ake yin ta, ku kuwa ba ku da labari. Wasu kamfanoni ne ke ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, ko mai gida da iyalinsa, a mota mai sanyi, a haɗa su da ɗan jagora nasu na kansu, a kai su Badagry da safe, a komo da su kafin magariba. Badagry gari ne a bakin teku, yamma da Ikko, dab da iyakar ƙasar Benin, watau Dahome ta dā. Abin da ake biya na yini guda ya isa jarin mai tallan goro.

Ni ma na je, amma ba da kuɗina ba, albashin akawu bai kai nan ba. Wani attajiri da muka yi makarantar mishan tare shi ya ce in raka shi.

Aka fara kai mu gidan da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya. Na yi murmushi, don wanda ya san Katsina ya san hasumiyar Gobarau ta girme shi nesa ba kusa ba. To, a bar wannan. Aka nuna mana Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, aikin su Ajayi Crowther, da wurin itaciyar da Thomas Freeman ya yi wa'azi a gindinta a 1842, wadda ta faɗi a 1959. Ɗan jagora ya kawo bayani tiryan-tiryan, ban ga laifinsa ba.

Sai da muka isa kurkukun bayi na Seriki Abass bakinsa ya soma nauyi. Ya ce ɗaki arba'in ne a dā, kowanne ana cusa mutum arba'in. Ya ba mu sarƙa muka ɗaga, ya nuna laima da kwalabe da tangaran da aka musaya da 'yan Adam. Na ce, "Malam, su wane ne bayin nan, wa kuma ya kamo su?" Ya ce Turawan Fotugal da na Barazil ne suka yi cinikin. Sa'an nan ya dubi agogo, ya ce kwale-kwale na jira.

Haba! Bature ya saya, gaskiya ne, Allah wadai da shi. Amma wa ya sayar? Bature ne ya ɗaura wa doki sirdi ya faɗa wa ƙauye da asuba? Sunan nan Seriki ma, ai kalmarmu ce ta Sarki Yarbawa suka ara. Shi kansa mutumin yana yaro aka kama shi aka sayar, da ya sami wuri sai ya riƙa sayar da wasu. Wannan ai abin da za a zauna a yi bayaninsa ne, ba a wuce shi da gudu ba.

Kada kuma wani ya ce maganar mutanen Kudu ce. Daga Badagry Clapperton ya tashi a 1825, ya bi ta ƙasar Yarbawa da Borgu har Kano da Sakkwato, inda ya mutu a 1827. Ashe hanya a buɗe take tsakaninmu da teku, abin da ya hau kuwa yakan gangara. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun zuba Hausawa da Nufawa da Barebari a hannun fatake. A Bahia ta ƙasar Barazil bayi Hausawa ne suka ƙulla tawaye a 1807, akwai su kuma cikin Musulmin da suka tashi a 1835. A kasuwar Kurmi ta Kano an sayar da mutane kamar yadda ake sayar da awaki, doka kuwa ba ta kashe bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Ko kalma guda ban ji daga cikin wannan ba.

Me ya sa? Don wanda ya biya shi ke da labari. Yaron nan ɗan jagora talaka ne irinmu, idonsa na kan ɗan abin da za a miƙa masa da yamma, ya kuwa san attajiri da ɗan sarauta ba sa son a ambaci manya a wurin da ake nuna sarƙa. Saboda haka sai ya ɗora wa matattun Turawa kayan duka, kowa ya ci abincin rana lafiya.

Muka ƙetare ruwa zuwa tsibirin Gberefu, muka taka yashi a rana, muka wuce rijiyar da aka ce ana shayar da bayi ruwanta don su mance gida, har muka iske teku, inda ake ce wa wurin da ba a komowa. A nan abokina ya sha ruwan kwakwa, ya sa aka ɗauke shi hoto yana dariya.

Za su ce kamfanonin nan suna kawo wa masu kwale-kwale da masu sayar da kifi ciniki. Haka ne, ba wanda ya ce a rufe su. Amma ku 'yan kasuwar Agege da Mile 12 da Alaba, sau nawa kuka ratsa Badagry zuwa Seme ba ku sauka ba, don kun ɗauka wurin na baƙi ne da masu kuɗi? Ƙofa ba ta san mota mai sanyi ba, kuɗin shiga kawai ta sani.

Ku haɗa kuɗi kamar adashi, ku yi shatar bas guda ranar da ba kasuwa, ku tafi da 'ya'yanku. Ku ɗauki ɗan jagora ɗan gari, ku biya shi hannu da hannu. Hukuma kuma muna neman ta kafa alluna da Hausa da Yarbanci da Egun, harshen 'yan garin, ta bar 'yan makaranta su shiga kyauta. In kun isa ɗakin sarƙa, ku yi masa tambayar da na yi, kada ku motsa sai ya amsa. Kwale-kwalen ya jira.