Kujera Bakwai a Ɗaki Guda

Duk malamin da ya taɓa kai gaisuwa gidan abokin aikinsa sabon aure, a Yamai ko a Maraɗi, ya san abin da zan faɗa. Ka yi sallama, a ce ka shigo, ka shiga a kaikaice kamar mai ratsa gonar gero. Kujerun falo masu mazauni bakwai sun cinye bango uku. Na huɗun na bitirin ne, cike da tangaran da kofunan da ba a taɓa shan ruwa da su ba. A tsakiya ga teburin gilashi, ana ta yi wa yara tsawa kada su taɓa shi. Sai maigida ya ce: “Mushe, a yi haƙuri, gidan ne ƙarami.”

Gidan ƙarami ne, ban musa ba. Amma mu muka ƙarasa shi.

A yi lissafi irin na ƴan lakwal. Ɗaki mai mita 4 da mita 3 murabba'i 12 ke nan. Gadon yayi mai mita 2 da 1,8 ya ci 3,6. Armuwar mai mita 2 ta ci fiye da guda. A sa teburin madubi, a bar wa ƙofa wurin buɗewa. Abin da ya rage lungu ne, kuma a lungun nan ake son mace ta yi salla, ta yi jego, ta kwantar da yara, cikin bazarar da zafinta ke wuce digiri 40.

Masu ba da shawara a intanet sun ce a shafa farin fenti, a kafa babban madubi, ɗaki zai yi faɗi. Zai yi faɗi a ido. Ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma cikin madubi ba. Shawarar ta dace da ƙasashen sanyi, inda mutum ɗaya ko biyu ke kulle kansu a ɗaki rabin shekara.

Mu kuwa da maganinmu muka taso, muka raina shi. Tabarma wurin zama ce da rana, makwanci da dare, da safe a naɗe ta a jingine, ƙasa ta dawo fili. Ragaya na rataye ƙwarya a sama. Alkuki, wato gurbin da magini ke bari cikin bango, yana riƙe fitila ba tare da ya ci taki guda na ɗaki ba. Tufa na adudu, randa na ƙarƙashin rumfa, baƙo namiji iyakarsa zaure. Wanda ya shiga tsoffin gidajen unguwar Birni a Damagaram zai ga ɗakunan ba manya ba ne, amma ba a matse ake ba, domin babban ɗakin gidan Bahaushe shi ne tsakar gida.

Za a ce mini ai tun dā akwai jere, kuma jere ma nuna isa ne. Haka ne. Sai dai jere bango yake hawa, ƙasa kaɗan yake ci, kuma tasa da kwano dukiyar mace ce da take iya sayarwa ranar matsi. Bitirin na garin katako fa? Damina biyu ya sha raɓa ya kumbura, uban amarya kuwa bai gama biyan bashinsa ba.

Masu gidajen haya su ma da laifinsu. Sun gine fili kaf, ɗaki jikin ɗaki, rufin kwano, taga kamar ta kurkuku, tsakar gida ta koma siririyar hanyar zuwa makewayi. In sun ce tsadar fili ce ta tilasta musu, sai mu nuna musu gidajen “Niamey 2000” da Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana, aka gama a 2016: gidaje shida a haɗe, na bulon ƙasa matsattse, an hau sama don a rage cin fili, kuma ba a hana kowane gida wurin shan iska ba.

Abin da ya sa na kawo maganar gaban malamai shi ne yaron da muke yi wa faɗa kullum don bai yi aikin gida ba. Mun taɓa tambayar inda zai aza littafinsa? A gidansu akwai mazauni bakwai na baƙin da ke zuwa ranar suna da ranar salla, amma babu kusurwa guda mai haske da za a ce tasa ce.

Ƙungiyoyinmu na al'adu sun iya shirya kokawa da wasan kwaikwayo, ban raina ba. Su ware yini guda su tara kafintoci da maƙera da iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki. A sa kafinta ya nuna gado mai aljihuna a ƙarƙashi, da allon rubutu da ake naɗewa jikin bango, da kantocin da ke hawa har kusa da rufi. A faɗi kuɗin kowane a bainar jama'a, a aza shi kusa da kuɗin kujera bakwai, sannan a bar uwar amarya ta yi magana.