Kafin Mu Yi Kiranye, Ina Katinmu Yake?



Duk lokacin da aka rushe rumfuna, ko 'yan karɓar haraji suka matsa wa 'yan kasuwa, ko titin unguwa ya zama kwata da damina, sai ka ji magana ɗaya daga teburin mai shayi har zuwa zaurukan WhatsApp: "A yi musu kiranye!" Ni dai na gaji da jin wannan kalma, kuma yau sai na faɗi dalili, wanda zai ji haushi ya ji.

Jama'a, kun san abin da kiranye yake nufi kuwa? Sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sa hannu a takardar koke, ba rabin waɗanda suka fita zaɓe ba. Sannan INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Dokar Zaɓe ta 2022 ma irin wannan sharaɗi ta gindaya a kan kansilolin Abuja. Ku dubi maƙwabtanmu na Kogi. A Afrilun 2018 da aka tantance koken Dino Melaye, sa hannun da ya inganta kashi biyar ne da ɗoriya cikin ɗari na masu rajista. A Afrilun 2025 INEC ta ƙirga sa hannu 208,132 a koken Natasha Akpoti-Uduaghan, cikin masu rajista 474,554, ta ce bai kai ba. Waɗannan fa da manya da kuɗi a bayan yunƙurin. Tun 1999 ba ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da kiranye ya dawo da shi gida. To mu da me za mu yi?

Abin da ya fi ci min rai shi ne, da yawa daga masu wannan ihu ba su ma da ikon sa hannu. Mutum ya shekara ashirin a Dei-Dei ko Zuba ko Gwagwa, a nan ya yi aure, a nan 'ya'yansa ke makaranta, amma katin zaɓensa na Bichi ne ko Funtuwa. Zaɓe ya zo sai a cika motoci a tafi gida a zaɓi gwamnan da ba zai taɓa kwashe bolar Nyanya ba. Idan aka dawo kuma a ce kansila bai san da mu ba. Ta yaya zai san da kai, alhali sunanka ba ya cikin rajistarsa? INEC tana da tsarin sauya wurin zaɓe, kuma kyauta ne. Mutum nawa a layinku suka yi?

Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Minista naɗa shi ake yi. Sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu. Saboda haka gwamnatin da hannunmu ke iya kaiwa gare ta ita ce ta ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, masu kansiloli 62. Kuma a duk Nijeriya nan ne kaɗai INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi, ba hukumar zaɓen jiha da gwamna ke juyawa ba. Wannan gata ne da mutanen garuruwanmu ba su samu ba. Amma ran 12 ga Fabrairun 2022, nawa ne cikinmu suka bar shago suka bi layi?

A Maris ɗin 2025 malaman firamare na Abuja suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, makarantu suka zauna a rufe fiye da wata uku. 'Ya'yan wa ke waɗannan makarantu? Ba na Maitama ba ne. Albashin nan a wuyan ƙananan hukumomi yake. Ina ƙungiyoyin kasuwanninmu suka shiga a lokacin? Ina sarakunan Hausawa na unguwanni? In taron naɗin sarauta ne ko walima, da rumfa ba ta ishe mu ba.

Wani zai ce ai baƙi ne mu, siyasar nan ta Gbagyi ce da Gade da Gwandara da Koro. Su ne 'yan ƙasa, ba mai musu, kuma tun dokar 1976 da ta kafa birnin nan suke asarar gonaki. Amma asibitin sha-ka-tafi da babu magani ba ya tambayar ƙabila. Zama da su a taron mazaɓa, a nemi kansila da takarda a hannu, a tambaye shi kasafin bana da kuɗin tikitin da ake karɓa kullum a kasuwa, ya fi mana tattara sa hannun da INEC za ta watsar.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko an bi ko ba a bi ba, sai mai zuwa sakatariya ne zai sani. Wanda duk ya san sunan kansilan mazaɓarsa da inda ofishinsa yake, ya zo mu yi maganar kiranye.

Wassalam.