Cutar daji: Lokaci ya yi da za a faɗaɗa hurumin ma'aikatan jinya

Matar da ke zaune a ƙauyukan da ke kewaye da Dam ɗin Tagwai, a gefen Minna, idan ta ji ƙullutu a mamanta, wanda za ta fara nuna wa shi ne ma'aikaciyar jinya ko ungozoma a asibitin sha-ka-tafi. Daga can sai Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB. In ta kai ga buƙatar gashi da na'ura, sai ta bi hanyar Suleja zuwa Asibitin Ƙasa da ke Abuja. A kowane zango ma'aikatan jinya ne suka fi daɗewa a gefen gadonta, amma su ne tsarin aiki ya fi ɗaure wa hannu.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna mutum sama da 120,000 ne suka kamu da cutar daji a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu. Sankarar mama da ta bakin mahaifa ne suka fi addabar mata, kuma akasarin marasa lafiya na isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa. Likitocin wannan fanni kaɗan ne, sun kuma taru a manyan birane.

Wasu ƙasashe sun daɗe da samo mafita. A 1965 Loretta Ford da Henry Silver suka fara horar da ma'aikatan jinya a Jami'ar Colorado ta Amurka domin su duba mara lafiya su ba da magani. Zambiya ta ɗora gwajin sankarar bakin mahaifa a wuyan ma'aikatan jinya tun 2006: a shafa ruwan binega a bakin mahaifa, inda ya yi fari a magance shi a ranar. Uganda kuwa a 2004 ta halatta wa waɗanda aka horar su rubuta maganin mofin ga masu fama da raɗaɗi.

Najeriya tana da tubalan ginin. Akwai manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya ta 2014. An fara allurar rigakafin HPV ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Akwai cibiyar NICRAT da Asusun Tallafa wa Masu Cutar Daji. Abin da ya rage shi ne muƙami bayyananne a tsarin aikin gwamnati ga ma'aikaciyar jinya mai ƙarin horo, da albashinsa da iyakar huruminsa. Muddin babu shi, wadda ta ƙware za ta ci gaba da neman takardun tafiya Ingila.

Likitoci na da hujjar fargaba, domin maganin kansa guba ne idan aka yi kuskuren awo. Saboda haka gano cutar da tsara magani su zauna a hannun likita. Amma gwajin farko, tura mara lafiya gaba cikin gaggawa, lura da illolin magani, wankin gyambo da rage raɗaɗi, duk ma'aikaciyar jinya za ta iya yin su a Minna, ba sai iyali sun sayar da amfanin gona sun yi kuɗin mota ba.

Wannan gyara yana hannun masu rubuta takardun majalisa a Ma'aikatar Lafiya, da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, da Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata a ƙirƙiro muƙamin, a ware kuɗin horo, a kuma fara gwada shi a jiha irin Neja, inda tazara tsakanin ƙauye da likita ke cin rayuka.