Amfanin Ƙera Ɗan Jirgin Sama a Makaranta

Muna roƙon Edita ya ba mu ɗan fili mu kawo wata shawara gaban malamanmu da 'yan'uwanmu masu koyon aikin malanta. Shawarar kuwa ita ce a shigar da ƙirar ɗan jirgin sama, irin wanda a ke sarrafawa daga ƙasa da rediyo, cikin aikin hannu na makarantunmu, a kuma fara da kwaikwayon jirgin yaƙin nan da a ke kira Hurricane. Mun san waɗansu za su yi murmushi su ce wasan yara ne. To, a saurari dalilanmu tukuna.

Kowa ya zaga lungunan Tudun Wada bayan an yi girbi ya ga yara sun duƙufa suna ƙera motar kara, suna fere kara suna soka tsinke cikin totuwa, har su yi mata ƙafafu da sitiyari. A bisa kansu kuwa ga jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa nan Zariya a 1964, suna ta shawagi. Yaran nan suna da hannu, suna kuma da sha'awa. Abin da ba a koya musu ba shi ne awo. Motar kara ko ta karkace tana tafiya in an ja ta, amma jirgi ba ya yarda da "ai ya yi kusa". In awonsa bai yi daidai ba, ƙasa zai dawo a gaban kowa. Don haka mu ke cewa babu malamin lissafi mai tsanani kamarsa.

Ga misali. Faɗin Hurricane daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 40 ne. In aka ce a rage shi sau 10, sai ya koma ƙafa 4, kuma tilas kowace gaɓa tasa, jela da hanci da mazaunin direba, a raba awonta da 10, ba a bar ko ɗaya ba. Yaron da ya yi wannan da rula a hannunsa ya gane raba-daidai fiye da wanda ya haddace ta a allo. Sa'an nan ga abin mamaki: tsawo ya ragu sau 10, amma shimfiɗar fiffike ta ragu sau 100, cikin jirgin kuwa sau 1,000. Babban jirgin da lodinsa ya kai wajen laba 7,000, watau ɗan ƙaramin zai tashi laba 7 ke nan bisa ga lissafi. Har wa yau wannan ya yi masa yawa, gama ƙaramin fiffike ba ya samun ɗaukar iska kamar babba, kuma ana so ɗan jirgin ya sauka a hankali. Saboda haka mai ƙira sai ya yi ta ƙoƙarin ragewa har ya kai laba 3 ko 4. Nan ne yaro zai fara ɗora kowane guntun itace a sikeli kafin ya shafa masa gam.

Bayan nauyi sai daidaito. In an ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajibi ne ya tsaya cak a wurin da ya kai kamar rubu'i zuwa sulusin faɗin fiffike daga gaba. In hanci ya rinjaya kaɗan, zai tashi amma da nawa. In jela ta rinjaya, sai ya ɗaga kai ya ƙi jin linzami ya faɗo. Ɗan jirgin yaƙi ya fi saurin kamuwa da wannan ciwo, domin babbansa inji mai nauyi ne a hancinsa, shi kuwa ɗan injin lantarki ne kawai, sai an matsa da batir gaba. Rediyon kuma aikinsa a fili ya ke: mai tuƙi ya motsa sanda a akwatin da ke hannunsa, saƙo ya tafi ga na'urar da ke cikin jirgin, ita kuma ta umurci waɗansu ƙananan injuna su ja 'yan ƙyamaren da ke bayan fukafukai da jela. Ɗaya na karkata jirgi, ɗaya na ɗaga kansa ko sunkuyar da shi, ɗaya na juya shi dama ko hagu.

Me ya sa muka zaɓi Hurricane? Dalili na fari, ƙirarsa ta yi kama da abin da hannunmu zai iya, gama bayan gangar jikinsa tsaiko ne aka yi aka lulluɓe da ƙyalle. Dalili na biyu, jirgi ne da ya ratsa ƙasarmu. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingilishi wuya, sai suka riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, a harhaɗa su can, su tashi su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Masar. Ayarin farko ya tashi cikin watan Satumba 1940, Hurricane shida da wani babba mai yi musu ja-gora, kuma kafin a daina jirage sama da 5,000 sun bi hanyar. Tun kafin wannan ma, a watan Nuwamba 1925, jiragen soja uku daga Masar suka sauka Kano. Ashe malamin da ya sa yara wannan aiki ya koyar da lissafi da labarin ƙasa da tarihi a zama ɗaya.

Masu sūka suna da magana uku, kuma ba mu raina ko ɗaya ba. Ta fari, wai ɓata lokaci ne. Sai mu tuna musu Wilbur da Orville Wright, 'yan Amurka da suka tashi jirgi mai inji a 1903. Ɗan abin wasa mai farfela da mahaifinsu ya kawo musu suna yara shi ya fara jan hankalinsu, kuma a 1901 sun gwada ƙananan fukafukai wajen 200 cikin akwatin iska kafin su ƙera babba.

Ta biyu, tsada. Gaskiya ne rediyo da inji da batir sai an saya, kuma daga waje su ke zuwa. Amma guda ɗaya ya ishi aji, a cire daga wannan jirgi a sa wa wancan. Jikin jirgi kuwa ba dole sai itacen balsa na Turawa ba. Ga totuwa, ga tukurwa, ga farar robar nan mara nauyi da a kan tarar cikin kwalin firji. Kafintoci da masu gyaran rediyo na Tudun Wada sun isa su nuna mana fiƙa da haɗin waya, in mun sauke girman kai mun je gare su.

Ta uku ita ce mai nauyi: ko ya kamata a koya wa yara son kayan yaƙi? Ba mu manta da Tudun Biri ba, inda a watan Disamba 2023 jirgin soja mara matuƙi ya yi kuskure ya hallaka mutane masu yawa a wurin Maulidi. Allah ya jiƙansu. Lalle malami ya faɗa wa yara abin da jirgin yaƙi ke yi wa mutanen da ke ƙasa, kada ya tsaya ga kyan fentinsa. Amma jahilcin abu ba ya kare mutum daga gare shi. Sojan samanmu sun nuna jirgi mara matuƙi mai suna Gulma a Kaduna a 2013, da Tsaigumi a 2018, wanda aka yi da taimakon wani kamfani na Fotugal. In ba mu tarbiyyantar da masu sanin wannan aiki, masu tsoron Allah a cikinsa ba, kullum sai dai mu saya, mu kuma dogara ga awon wani.

Ga yadda mu ke ganin za a bi. A zango na fari a yi jirgi mara inji, a jefa da hannu har yara su san daidaito. A na biyu a zana Hurricane bisa takarda da cikakken awo, malami ya duba kafin a yanka ko da sili ɗaya. A na uku a harhaɗa a sa rediyo. Kada a tashe shi sai da iznin hukuma, a fili mai nisa da gidaje da filin jirgin sama, da sassafe kafin iska ta taso. Na farkon zai karye, babu shakka. A tattara gutsattsarin, a tambayi aji abin da ya jawo, a sake awo.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Muna fata Shugaban makaranta da malamin aikin hannu su dubi wannan magana, mu kuwa a shirye mu ke mu fara da kanmu kafin a tura mu ajujuwa. Wanda ke da wani ra'ayi dabam, muna sauraronsa a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.