Malaman Asibitinmu da Sunan Tsargiya

Duk wanda ya yi karatun aikin lafiya ya sha haddar sunayen Turawan da suka daɗe da rasuwa. Kuturta a littafi cutar Hansen ce, da sunan likitan Norway da ya ga ƙwayarta a 1873. Allurar BCG da ke barin tabo a damtsen jariri, haruffanta biyu na ƙarshe Calmette ne da Guérin, Faransawa biyu. Da irin waɗannan sunaye ake cin jarrabawa a Kano, amma ba da su ake jinya a ƙauyen Saji ba.

Shi ya sa nake jinjina wa malaman asibiti da ungozomomin ƙauyukan Rano da Kibiya. Uba ya kawo ɗansa ya ce, "Malam, yaron nan jini yake gani a ƙarshen fitsari." Malamin ba ya tsayawa burga da Turanci, sai ya ce, "Baba, tsargiya ce, kuma tana da magani." Sunan boko ya tafi takarda, na gida ya shiga kunnen mai shi, hankalin uba ya kwanta. Haka suke wuni suna tafinta tsakanin littafi da majinyaci, sau da yawa mutum ɗaya a kan layin da ya kai bakin ƙofa. Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai da sauran aiki, kuma a wuyansu yake.

Bilharziya, sunan da littafi ya daɗe yana kiran tsargiya da shi, akwai labari a bayansa. Theodor Bilharz Bajamushe ne, yana aiki a asibitin Kasr el-Aini na Alƙahira, inda a 1851 ya ga tsutsar kwance a jijiyoyin jinin gawar da yake bincike. Ya rasu a 1862 yana da shekara 37, bai san ta inda take shiga jiki ba. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa dodon koɗi na ruwa ne ke renonta. Mai cutar ya yi fitsari a rafi, ƙwai su ƙyanƙyashe su shige dodon koɗi, bayan makonni 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Malamin da ya haddace sunan ya san wannan duka. Baban yaron, da ya ji "tsargiya", abin da ya gada kawai ya ji: zafin rana ne, ko kuma alamar yaro ya fara zama namiji.

Ga shi kuwa ruwa ya zauna mana. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da tumatir suka rufa wa gidaje da dama asiri. Ba wanda zai ce a bar wannan arziki. Amma ruwan da ba ya ƙafewa gidan dodon koɗi ne, kududdufan damina ma haka.

Don haka, malamaina, ranar da kuka jera 'yan makaranta jikin sandar awon tsawo kuna raba musu ƙwayar Praziquantel, kada a tsaya ga "ku ci abinci kafin ku sha". Ku ɗauko dodon koɗin ku nuna musu shi a tafin hannu. Ku gaya musu ƙwayar tana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ta hana sabuwa shiga gobe in an koma iyo. Ku gaya wa iyaye cewa in cutar ta daɗe tana lalata mafitsara, tana taɓa ƙoda, har takan kai ga ciwon daji.

Abin da ya fi damuna mata ne. Yarinyar da ke wanki a bakin rafi ita ma tana kamuwa, tsutsar na iya yi mata illa a gaba da bakin mahaifa, a yi ta ba ta maganin sanyi shekara da shekaru, kunya kuma ta hana ta magana. Ungozoma ce kaɗai za ta iya jan ta gefe ta tambaye ta a hankali, "Ƙanwata, a ina kuke ɗibar ruwa, a ina kuke wanki?"